Bugu na biyar na Dungeons & Dragons: sauƙinsa ne ya jawo masa jama'a?

"Barka da aiki. Mu biyar ne muke buga Dungeons & Dragons bugu na biyar, ni nake jan wasan, yau wata takwas ke nan. Jaruman abokaina huɗu sun kai mataki na 5, kuma tun daga mataki na 3 babu wanda ya ko leƙa bakin mutuwa. Duk dodon da na fito da shi, ko da lissafin littafi ya ce faɗan mai kisa ne, zagaye uku sun gama da shi. Wani da ya buga tsofaffin bugu ya ce mini da gangan aka sassauta wasan don a samu kasuwa, shi ya sa ya yi farin jini. Haka ne? Kuma yaya zan dawo da fargaba teburinmu ba tare da na zalunci 'yan wasana ba?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Ga wanda bai san shi ba, wannan wasa ne na tebur: kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya a cikin labari, mai jan wasa yana ba da labarin yana kuma motsa dodanni, dayis kuma ke yanke sakamako. Tambaya biyu ka ƙulla wuri guda, kuma kalmar sauƙi ce ta haɗa su. Akwai sauƙin koyon wasa, wato yadda baƙo zai zauna yau ya fahimci abin da ake yi kafin a tashi. Akwai kuma sauƙin tsira, wato yadda jarumi zai shiga faɗa ya fito da ransa. Abokin naka ya gama su ya yi musu hukunci ɗaya. Na farkon shi ne babban abin da ya taimaki wannan bugu wajen tara jama'a. Na biyun gaskiya ne akwai shi, amma rabinsa daga dokokin yake, ɗaya rabin kuma daga yadda yawancin tebura suke buga wasan saɓanin lissafin da aka gina shi a kai. A wannan rabi na biyu ne maganin matsalarka yake.

Inda farin jinin ya fito

Wasan ya fara fitowa a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, ƙarƙashin kamfanin TSR a jihar Wisconsin ta Amurka. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, kamfanin Hasbro kuma ya sayi Wizards ɗin a 1999. Bugu na uku ya zo a 2000, aka yi masa kwaskwarima a 2003. Bugu ne mai ƙari da ragi barkatai: wannan sihiri ya ba ka +2, wancan matsayi ya cire maka 1, kafin ka jefa dayis sai ka tattara lambobi biyar ko shida. Bugu na huɗu na 2008 ya daidaita faɗa sosai, sai dai ya raba kan masoya wasan, har da yawa suka koma Pathfinder na kamfanin Paizo da ya fito a 2009 bisa tsarin bugu na uku. Wannan rabuwar kai ce ta sa aka yi bugu na biyar da taka-tsantsan. Tun 2012 aka riƙa sakin dokokin gwaji ga jama'a suna bugawa suna mayar da ra'ayi, kafin littattafan su fito a 2014, kuma aka saki ginshiƙan dokokin kyauta a intanet.

Dabaru biyu ne suka sauƙaƙa shigarsa. Ta farko ita ce fifiko da naƙasu. Idan yanayi yana bayanka, ka jefa dayis mai fuska 20 guda biyu ka ɗauki babba; idan yana gāba da kai, ka ɗauki ƙarami. Wannan doka ɗaya ta haɗiye tarin ƙari da ragin da aka saba. Kuma tana da nauyi: jifan da ke buƙatar 11 ko sama, damarsa 50 cikin 100 ce, da fifiko sai ta koma 75. Ta biyu ita ce taƙaita lambobi. Ƙarin gwaninta yana farawa daga +2, bai wuce +6 ko a mataki na 20, sannan ƙarfin jiki ko basira ba sa wuce maki 20 a al'ada, wato +5. Saboda haka lambobin suna zama ƙanana, mai jan wasa yana iya yanke hukunci nan take: abu mai sauƙi 10, matsakaici 15, mai wuya 20.

Wasan da dokarsa ba ta tsayar da labari yana da daɗin kallo, kuma nan ne sa'a ta haɗu da shiri. A 2015 shirin Critical Role ya fara, inda ƙwararrun masu sanya murya a fina-finai da wasannin kwamfuta suke buga wasan kai tsaye a intanet. Mutane da yawa a can suka fara ganin yadda ake yi, tun ba su taɓa littafin ba. A 2016 shirin Stranger Things na Netflix ya sake sanya sunan wasan a bakin waɗanda ba su san shi ba. Manhajar D&D Beyond ta zo a 2017 ta ɗauke wa sabon shiga wahalar lissafin takardar jarumi, kuma darajarta ta kai Hasbro ya saye ta a 2022 kan dala miliyan 146.3. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya tura tebura da yawa kan Roll20, shafin buga wasan a intanet, da makamantansa. A 2023 kuma wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya gina kan dokokin wannan bugu, ya sake kawo wani ayarin.

Akwai abu ɗaya da ba a cika ambata ba: jama'a ita ke jawo jama'a. Mai neman tebur zai fi samun na bugu na biyar, mai rubuta sabbin labarai don sayarwa zai rubuta wa bugun da ya fi masu saye, musamman da aka ba wasu kamfanoni lasisin amfani da ginshiƙan dokokin tun 2016. Lokacin da aka yi yunƙurin sauya wannan lasisi a Janairun 2023, hayaniyar da ta tashi ta sa kamfanin ya janye, har ya saki dokokin ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba kowa damar amfani da su. Littattafan da aka sabunta a 2024 da farkon 2025 ma ba sabon bugu aka kira su ba, gyara ne a kan na 2014.

To wuyar mutuwar fa, tana da hannu? Tana da shi, kuma ba abin kunya ba ne. Salon wasa ya sauya. A da mutum yana ƙirƙirar jarumi cikin minti biyar, ya mutu a ɗaki na biyu, ya ƙirƙiri wani. Yau ɗan wasa yana rubuta tarihin jaruminsa, da danginsa, da abin da yake nema a duniya, yana sa ran labarin zai yi shekara ana bugawa. Wasan da ke kashe irin wannan jarumi da jifa ɗaya ba zai riƙe irin waɗannan mutane ba. Abokinka ya yi daidai da ya ce da gangan ne. Inda ya yi kuskure shi ne ɗaukar cewa haɗarin an cire shi gaba ɗaya.

Abin da ke tsare jarumi daga mutuwa

A dokokin farko, makin rai, wato yawan dukan da jarumi zai iya ɗauka, ya kai sifili, shi ke nan, an mutu. Mai sihiri yana farawa da sihiri ɗaya tak a rana, a wasu bugun kuma makin ransa bai wuce abin da dayis mai fuska 4 ya bayar ba. Dafi yana kisa idan ka faɗi jifan tsira guda, wato jifan dayis da ake yi don kauce wa wani haɗari. Wasu matattun dodanni suna zare maka mataki sukutum da taɓawa ɗaya. Rauni kuma a hankali yake warkewa, kwana da kwanaki.

A bugu na biyar, wanda ya kai sifili suma yake yi. Duk zagaye sai ya jefa dayis mai fuska 20: 10 ko sama nasara ce, ƙasa da haka faɗuwa. Nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. Idan 1 ya fito, faɗuwa biyu ke nan; idan 20 ya fito, ya farfaɗo da maki ɗaya. Ko babu wanda ya kula shi, damar tsirarsa ta kusa 60 cikin 100. Amma ba a cika barinsa ba, domin maki ɗaya na warkarwa ya isa ya tashe shi ya kuma goge duk faɗuwar da ya tara. Sihirin warkarwa na Healing Word na matakin sihiri na ɗaya ne, yana kaiwa nisan ƙafa 60, kuma ƙaramin aiki yake ci, wato ba ya cinye babban aikin jarumi na zagayen, don haka mai warkarwa zai tashi ɗan'uwansa ya kuma kai nasa harin a zagaye guda. Dokar ba ta lissafa abin da ya wuce sifili, sai idan ragowar dukan ta kai cikakken makin ran jarumin, wanda nan take yake kisa. Shi ya sa dabara mafi riba ita ce a bar mutum ya faɗi sannan a tashe shi, ya sake faɗi a sake tashinsa. A mataki na 5, wanda jarumanka suke kai yanzu, an samu Revivify: wanda ya mutu bai wuce minti ɗaya ba ana dawo da shi, da lu'ulu'u na zinare 300. Sannan dogon hutu na awa takwas yana mayar da duk makin rai da duk guraben sihiri, wato ƙididdigaggun damammakin yin sihiri da jarumi yake da su.

Littattafan 2024 sun ƙara wa wannan ɓangare ƙarfi. Healing Word ya tashi daga dayis ɗaya mai fuska 4 zuwa biyu, Cure Wounds daga ɗaya mai fuska 8 zuwa biyu, shan maganin warkarwa ya koma ƙaramin aiki, kuma dogon hutu yana mayar da duk dayis ɗin jinya, waɗanda ake jefawa a gajeren hutu don mayar da makin rai, maimakon rabinsu.

Duk da haka matakin farko yana da haɗari ƙwarai, kuma ka lura da kanka cewa daga mataki na 3 ne abin ya lafa. Mai sihiri a mataki na ɗaya yakan sami maki 8. Ƙaramin dodo goblin guda, idan ya yi mummunan sara, wato wanda ake ninka dayis ɗin ɓarnarsa, matsakaicin ɓarnarsa 9 ce. Dodon bugbear na littafin 2014 yana dukan da matsakaicinsa 11, idan kuma ya yi kwanton ɓauna ya ƙara 7. Jimla 18 a kan mai maki 8: ragowar 10 ta wuce cikakken makinsa, ya mutu ba tare da ko jifa ɗaya ba. Wasan yana da kaifi a ƙasa, sai ya dushe yayin da makin rai da sihiri suke ƙaruwa.

Lissafin da aka gina wasan a kai

Nan ne gaɓar maganar. Littafin mai jan wasa na 2014 ya ɗauka cewa jarumai za su yi arangama shida zuwa takwas, matsakaita ko masu wuya, tsakanin dogon hutu da dogon hutu, da gajeren hutu kamar biyu a tsakani. Wahalar wasan a zaizayewa take. Faɗa na farko ba a sa ran ya ba da tsoro. Aikinsa ya ci guraben sihiri biyu da makin rai goma sha wani abu. Faɗa na shida, wanda a takarda bai fi na farkon ba, shi ne mai tayar da hankali, domin an iso shi hannu ya kusa zama wayam.

Duba lambobin teburinka. Ga jarumi ɗaya a mataki na 5, ma'aunin faɗa, da makin da aka rubuta wa dodanni ba makin rai ba, shi ne 250 mai sauƙi, 500 matsakaici, 750 mai wuya, 1,100 mai kisa. Su huɗu, mai kisa ya zama 4,400. Amma kasafin yini guda na jarumi a wannan mataki 3,500 ne, su huɗu 14,000. Wato faɗan da littafin ya kira mai kisa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka shirya su ɗauka a yini ba. Idan shi kaɗai ka ba su sannan suka kwana, ka ba su kashi ɗaya cikin uku na aiki, su kuma sun zo da cikakken ƙarfi. Mai sihirinsu yana da gurabe 9, faɗa kuma zagaye uku ko huɗu yake ɗauka, don haka babu abin da zai sa ya yi tsimi. Zai buɗe da mafi ƙarfin abin da yake da shi, mayaƙin ma ya ninka harinsa tun zagayen farko. Ma'anar "mai kisa" a littafin ma ita ce wataƙila a rasa jarumi ɗaya ko fiye, ba wai za a shafe tawagar ba.

Kuma ba laifinka ba ne da kake yin faɗa ɗaya ko biyu. Zama ɗaya awa uku ne ko huɗu, faɗa mai kyau yana iya cin kusan awa, labari kuma ba kullum yake ba da dalilin faɗa takwas kafin dare ba. Tsarin ya dace da kurkukun ƙarƙashin ƙasa mai ɗakuna a jere. Bai dace da tafiyar mako biyu a daji ko rikicin fada ba. Littafin 2024 ya cire wannan kasafi na yini, ya mayar da ma'aunin hawa uku, ƙasa da tsakiya da sama, wanda a mataki na 5 ya zama 500 da 750 da 1,100, ya kuma daina ninka maki saboda yawan dodanni. Wannan ya sa faɗa ɗaya-ɗaya ya ƙara nauyi, amma jarumin da ya huta har yanzu ya fi wanda bai huta ba nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu ita ce yawan hannu. Dodo ɗaya a gaban jarumai huɗu yana motsi sau ɗaya, su suna yi sau huɗu. Idan ya faɗi jifan tsira guda a kan sihirin da ke daskarar da shi, faɗan ya ƙare. Lambar haɗarin da aka rubuta wa kowane dodo kuma awo ne na makin rai da kariya da ɓarna, ba ta san wane ne ke teburinka ba. Misalai biyu za su nuna maka. Dodannin orc takwas na littafin 2014, kowanne maki 100, idan aka ninka da 2.5 saboda yawansu sun zama 2,000, wato matsakaicin faɗa ga tawagarka. Kowannensu makin ransa 15. Sihirin wuta na Fireball ɗaya matsakaicin ɓarnarsa 28, wanda ya tsallake jifan tsira ma ya sha 14. Idan sun taho a cunkushe, gurbi ɗaya ya kusa share su. A ɗaya gefen, matashin koren diragon makinsa 3,900, bai ma kai mai kisa ba a lissafi, amma numfashinsa na dafi matsakaicinsa 42 ne, mai sihirinka kuwa da wuya ya wuce maki 32. Lissafin yana kuskure ta gaba da ta baya. Ƙari a kan haka, bai ɗauka jarumai suna da makaman sihiri ba, kuma baiwar musamman da haɗa aji biyu, kamar mayaƙi da mai sihiri a jarumi ɗaya, zaɓi ne a dokokin 2014. Idan ka buɗe duk waɗannan, tawagarka ta fi matakinta ƙarfi.

Yadda za ka gyara

Fara da hutu, domin shi ne tushen. Hanya mafi tsabta ita ce ka sa lokaci ya yi tsada a cikin labarin: fursunan da za a tafi da shi da asuba, ƙofar da za ta rufe bayan kwana biyu, maƙiyin da ke ƙara tara mayaƙa duk daren da aka ba shi. Idan sun zaɓi su kwana, su kwana, amma su tashi su tarar duniya ta motsa. Wannan ya fi ka riƙa turo musu dodanni cikin dare don hana barci, abin da 'yan wasa suke ganewa da wuri su ji ana yi musu mugunta, kuma sihirin bukka na matakin sihiri na uku, wanda ke gina mafakar da maƙiya ba sa shiga, yana toshe shi. Hanya ta biyu ita ce sauya tsawon hutun. Littafin 2014 yana da zaɓin da gajeren hutu ke zama awa takwas, dogon hutu kwana bakwai. Da shi, faɗa shida da aka baza cikin mako guda sun zama yini ɗaya a lissafi. Abin da ke lalacewa a nan shi ne sihirin da aka yi don ya ɗauki awa takwas, kamar sulken sihiri, wanda yanzu ba ya rufe komai. Sai ka tsawaita irinsu su kai har dogon hutu na gaba. Abin da na fi ba da shawara shi ne tsaka-tsaki: dogon hutu ba ya samuwa sai a wuri amintacce mai rufi da tsaro, barcin daji kuma gajeren hutu ne. Ba sai ka kai takwas ba. Faɗa uku masu wuya zuwa masu kisa, da gajeren hutu tsakanin kowane biyu, suna kusantar kasafin. Wannan kuma yana yi wa mayaƙi da sauran masu farfaɗowa da gajeren hutu adalci, domin a yinin faɗa ɗaya masu manyan sihiri ne kaɗai ke haskawa.

Sai ginin faɗan kansa. Kada dodo ya tsaya shi kaɗai. Ka sa yawan maƙiya ya kai yawan jarumai ko ya ɗan fi, babba ɗaya da ƙanana huɗu zuwa shida. Ka baza su: Fireball yana cin ƙafa 20 ta kowane gefe daga tsakiyarsa, don haka rukuni biyu da ke nesa da juna fiye da ƙafa 40 ba sa shiga wuta ɗaya. Ka kawo su kashi-kashi, rukuni na biyu ya shigo a zagaye na biyu ko na uku ta wata ƙofa, bayan an riga an kashe manyan gurabe. Ka sa maharba biyu ko uku a wuri mai tudu da abin fakewa. Amfaninsu ya wuce ɓarna: duk dukan da ya sami mai sihirin da ke riƙe da wani sihiri yana tilasta masa jifan tsira na 10 ko rabin ɓarnar, wanda ya fi yawa, kuma kibiya uku jifa uku ne. Idan lallai babban dodo ɗaya kake so, ka ara masa abin da manyan dodanni suke da shi: ikon mayar da faɗuwar jifan tsira nasara sau uku a yini, da ƙananan motsi tsakanin layin jarumai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko dodo mai lambar haɗari sama can. Abin da ke faruwa shi ne ɓarnarsa tana tsallake makin ran jarumai, sai faɗan ya zama caca: ko su kashe shi kafin ya motsa, ko ya kwantar da mutum biyu da hari ɗaya. Ƙara masa lambar kariya ma ba ya da daɗi, domin wasan an gina shi ne a kan jarumi ya riƙa samun sa kamar sau biyu cikin uku, kuma zagayen da mutum ya jira minti goma ya jefa ya kuskure ba wahala ba ce, gajiya ce. Makin rai ne wurin taɓawa. Lambar da aka rubuta matsakaici ce kawai. Dodon ogre mai 59, dayis ɗinsa sun ba shi damar kaiwa 91. Ka ɗaga zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakar, ka samu ƙarin zagaye ɗaya, wanda sau da yawa shi ne bambanci.

Game da faɗi-tashi kuwa, dokar da kanta ta ba ka makami. Harin da aka kai wa sumamme yana da fifiko, idan kuma daga cikin ƙafa 5 aka same shi, mummunan sara ne, wato faɗuwa biyu nan take. Sara biyu sun kashe shi. Maƙiyi mai hankali da ya ga an tashi mutum sau ɗaya yana da dalilin ƙarasa shi a karo na biyu, dabba mai yunwa kuma tana iya jan wanda ya faɗi ta gudu da shi. Sai dai kada ka fara wannan ba sanarwa. Ka gaya musu kafin zama cewa daga yau maƙiya za su yi haka, sannan a cikin faɗan ka nuna niyyar dodon zagaye ɗaya kafin ya aikata, don su sami damar shiga tsakani. Fargabar tana cikin wannan zagaye ɗaya. Wasu tebura suna ƙara dokar cewa duk wanda ya kai sifili ya ɗauki mataki ɗaya na galabaita. Tana aiki, amma ka yi hattara: galabaita shida mutuwa ce, kuma a dokar 2024 kowane mataki yana cire 2 daga duk jifan dayis mai fuska 20, don haka mayaƙin da ke tsaye a gaba, wanda ya fi kowa faɗuwa saboda yana kare sauran, shi zai fi shan hukuncin. Wata dabara mara tsada ita ce a riƙa yin jifan mutuwa a ɓoye tsakaninka da mai jarumin. Da zarar sauran ba su san ko faɗuwa nawa ya tara ba, ba za su ƙara cewa a bar shi zagaye biyu ba. Lu'ulu'un Revivify kuma sihirin yana cinye shi, kuma kai ke da ikon yawansa a duniyar. Guda ɗaya a jakar tawaga ya isa.

Sannan ka raba wahala da mutuwa. Faɗan da burinsa kawai a kashe kowa, sakamakonsa biyu ne, kuma kowa ya san ba ka son na biyun. Ka ba faɗan wani buri da za a iya rasawa alhali kowa na raye: a hana ɗan aike kaiwa ga ƙararrawa cikin zagaye uku, a tsare gada har mutane su ƙetare, a ƙwato takarda kafin ta ƙone. A irin wannan za ka iya buga maƙiya da iyakar wayonsu ba tare da tsoron rushe labarin wata takwas ba, kuma 'yan wasa za su ɗanɗani rashin nasara na gaske.

Ma'aunin da za ka duba shi ne abin da ya rage a hannunsu lokacin da suka isa dogon hutu. Ka tambayi kowa gurabe nawa suka saura, dayis ɗin jinya nawa. Idan fiye da rabi na nan, yinin ya yi sauƙi ko da wani ya suma. Idan sun iso da gurbi ɗaya ko biyu, dayis ɗin jinya sun kusa ƙarewa, ka kai inda ake so ko da babu wanda ya faɗi. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada zama biyu ko uku, domin idan ka haɗa taƙaita hutu da ƙarin dodanni da ƙarasa sumammu a rana ɗaya, tawagar da ta saba da sauƙi za ta iya ƙarewa gaba ɗaya.

Iyakar abin da gyaran zai yi

Waɗannan matakai suna aiki sosai daga mataki na 3 zuwa wajen na 10. Daga nan sama, sihirin da ke ɗauke tawaga daga wuri zuwa wuri, da mai gina bangon da ba ya fasuwa, da mai tayar da wanda ya kwana goma da mutuwa, suna sa aikin mai jan wasa ya ninku, kuma lissafin littafi yana ƙara yin nesa da abin da ke faruwa a tebur. Haka nan bugu na biyar ba zai zama wasan tsoron duhu da yunwa ba sai an yi masa tiyata mai yawa, tunda jinsuna da dama suna gani a duhu, ƙaramin sihirin haske ba ya ƙarewa, kuma sihirin mataki na ɗaya yana ciyar da mutum goma a yini. Idan abin da abokinka yake kewa ke nan, akwai wasannin da aka yi don haka: Old-School Essentials ya sake tsara dokokin 1981, Shadowdark na 2023 kuma tociyar jarumi awa ɗaya ta agogon gaske take ci. Idan kuma abin da kake so shi ne ma'aunin faɗa da za ka dogara da shi, bugu na biyu na Pathfinder da ya fito a 2019 ya fi tsauri a lissafi, sai dai yana neman 'yan wasa su san dokoki fiye da yadda bugu na biyar ke nema.

Kafin ka taɓa komai, ka tambayi mutum huɗun nan ko su ma suna jin abin da kake ji. Yana yiwuwa biyu daga cikinsu suna jin daɗin zama gwarazan da ba a kayarwa, kuma wannan ma hanya ce ta buga wasan. Idan sun yarda a ƙara zafi, ka shirya zama na gaba haka: wuri ɗaya mai faɗa uku, wa'adin da zai hana kwana, gajeren hutu ɗaya bayan faɗa na biyu, sannan faɗan ƙarshe ya kasance babba ɗaya da maharba uku da rukunin da zai shigo a zagaye na uku. Bayan an tashi ka rubuta guraben da suka rage, da su za ka auna na gaba.